Waƙar da Aka Yi wa Baba Mai Nama

Lokacin da nake ɗalibi a Landan, a Whitechapel na kama ɗaki. A saman shagon da muke sayen nama akwai wani Bature ɗan Sikotlan, marubucin waƙoƙi. Ya riga ya fitar da littattafai biyu, sirara kamar katin asibiti, duk a kan masunta da ruwan saman garinsu. Ban taɓa ganin mawaƙi irinsa ba: babu makaɗi, babu 'yan amshi, kwat ɗaya yake sawa shekara ta zagayo, kuma ƙashin miya kaɗai yake saye.

Mai shagon wani dattijo ne mutumin zangon Kumasi, kowa Baba yake ce masa. Bai yi boko ba, amma a ciniki babu mai juya shi. Da littafi na uku ya fito, sai Baturen ya sauko ya miƙa masa kwafi ɗaya, ya ce akwai waƙarsa a ciki.

Ina shiga shagon, sai Baba ya jawo ni gefe.

"Malam, kai ne mai karatu. Duba mini, yabo ne ko zagi?"

Na karɓa na karanta. Mutumin nan bai ambaci asalin Baba ba, bai kira shi mai kyauta ba. Ya kawo guntulallen ɗan yatsansa da wuƙa ta taɓa ci. Ya kuma ce kowace Juma'a Baba yana naɗe tsokar hanta a takarda ya ajiye gefe, kamar yadda yake yi wa matarsa kafin ta rasu, in an tashi rufe shago sai ya ba wanda ya zo ƙarshe. A wurinmu mawaƙin da ya taɓa naƙasar mutum ya kuma tona abin da ke cikin gidansa, zambo ya yi. Na tabbata in na faɗi gaskiya ran dattijon zai ɓaci, maƙwabtakarsu ta lalace.

Sai na gyara murya na shirga ƙarya. Na ce ya kira shi zakin kasuwa, mai wuƙar da ba ta dakushewa, wanda Landan ba ta karyawa sai ya buɗe shago. Baba ya gyara zaman hularsa.

"Ƙara karanta wurin zakin nan."

Na ƙara, har da ƙari. Gaskiya ni kaina waƙar tawa ta burge ni.

Abin da ban sani ba, an shirya Baturen zai karanta littafin a ɗakin karatu na unguwa ranar Asabar da la'asar, kuma ya gayyaci Baba. Baba ya ce mawaƙi ba ya wasa mutum ya tashi a banza. Ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, ya tara abokai huɗu, ya ce ni zan shige gaba. Kwana uku ina addu'ar a soke taron. Da na ga babu alama, sai na koma roƙon Allah ya ƙara wa harshen mutumin nauyi, don Turancin garinsu ko mutanen Landan sai sun kasa kunne.

Muka tarar da 'yan tsirarun Turawa a kan kujerun roba, kowa ya yi tsit kamar zaman makoki. Wani abokin Baba ya tambaye ni da ƙarfi ko makaɗan ba su iso ba ne.

Da aka zo kan waƙar Baba, mutumin nan da ko gaisuwarsa ba na kamawa sai ya karanta a hankali, kalma bayan kalma, tas. Na manta cewa wanda ya shekara ashirin yana ciniki da Turanci ba ya neman tafinta. Ɗan yatsa ya wuce. Hanta ta zo. Na sunkuyar da kai, ina jin kunya har cikin ƙashina.

Baba ya miƙe tun ba a gama tafi ba. Na ce shi ke nan. Ya taka har gaba, ya warware rigar ya zura wa Baturen. Kan mutumin ya ɓace a ciki, ya fito ta hannun riga, gilashinsa a karkace, Turawa suka rasa ko dariya za su yi ko tafi.

A hanyar komawa, da muka zo daidai masallaci, Baba ya juyo gare ni.

"Malam, ina zakin?"

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannun nan mai guntun yatsa.

"Bari. Kai ka ji tsoro, na sani. Amma matana shekara uku da ya rasu, ku duka kun yi mini gaisuwa kun wuce." Ya share ido da bakin hannun rigarsa. "Wannan mutum, daga taga ya gani ban daina ba."