Iyon Yawuri a Abu Hail

Alhaji Dikko, kakanmu na wajen uwa, ya shekara talatin da biyu yana tuƙa motar kago a Deira, cikin Dubai, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce matuƙin kwalekwale ne. A Yawuri aka haife shi, a bakin kogin Kwara, kuma in ka biye masa, ya iya iyo tun kafin ya iya rarrafe. Da ya ajiye aiki sai ya lallaɓa mai gidan da suke haya a unguwar Abu Hail, ya jera bulo a bayan gida, ya gina wurin wanka kusa da igiyar shanyar matarsa, Hajiya Kaka. Tsawonsa taku shida, faɗinsa huɗu. Kogi yake kiransa. Jikan da ya kuskura ya ce baho, ranar ba shi ba kankana.

A hutun zafi ruwan kan yi zafin da za a dama koko da shi, don haka Kaka ke sayo ƙanƙara a kasuwar kifi yana jefawa ciki. Har watan tara jikokinsa ƙarni suke yi, magunan unguwa kaf na raka su masallaci.

Jika ɗaya ce ba ta shiga, taubashiyata Mahfuza, mai shekara tara. Ita ko alwala sai ta rufe ido. A darasin iyo na makarantarsu an ajiye ta ajin 'yan shekara huɗu, kuma in ba ta tsallake babban wurin wankan a gwajin ƙarshen Agusta ba, za ta ƙara shekara a cikinsu. Uwar Jarirai muke ce mata. Ranar da Kaka ya ji sunan, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Jinina a ajin masu pampas? Mahfuza, Hajiyata, zo nan."

"Kaka, ni fa wannan kogin naka wari yake."

"Warin gida ne. Shiga!"

Da yake babu gora a Dubai, sai ya ɗaura mata galan biyu na ruwan sha a ƙugu. Ya sa Hajiya Kaka ta riƙe tiyo tana feso ruwa daga gefe, wai igiyar ruwa ke nan. Darasinsa ɗaya ne tak: ba a tsallake ruwa a miƙe. Wanda ya miƙe, sai dai a tsinto shi a Jebba. Karkata ake yi, a yanka ruwan. Kwana arba'in Mahfuza na zuwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, Kaka na tsaye ruwa iya cinya, yana ihu kamar mai ceton jirgin fasinja. A mako na biyu ya kwance galan ɗaya. Ɗayan ita ta kwance da kanta, ta jefe ni da shi.

Ranar gwaji Kaka ya sha babbar riga da hula, ya zauna a gaba. Layi shida ne, an raba su da igiyoyi, Mahfuza na layin farko. Malamarsu, wata 'yar Masar mai suna Kamila, ta busa usur ta ce, "Yalla!"

Yara biyar suka miƙe. Mahfuza ta karkata. Ta nutsa ƙarƙashin igiya ta farko, ta ɓullo, ta wuce ta biyu, ta gifta gaban wani ɗan Indiya har ya tsaya yana kiran mamarsa. Malama na ta ihu, Kaka na ta kabbara. Sai ga ta a kusurwar layi na shida, tana haki, hannu a bango.

Malama Kamila ta daɗe tana kallon takardarta. "Habibti, kin tsallake, har kin yi ƙari. Khalas, shi ke nan, kin bar ajin yara. Amma wa ya koya miki wannan? Ruwan nan fa ba ya tafiya."

Kaka ya miƙe, ya gyara hula, ya ce wa Mahfuza ta fassara mata ba ragi: "Ranar da ya fara tafiya, ita za ku nema."