Ranar da Kalilu Ya Kai Ƙarshen Ambaliya

Kalilu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Jega, kuma maƙwabtan shagonsa sun yarda ba shi da wani aibu sai jita. Yana saurayi wani direban babbar mota ya kawo masa gyaran rikoda da kaset a ciki. Kiɗan Turawa ne da ake ce wa rok, amma irin mai tsawon nan, wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar kaset, ta yi gudu, ta tsaya, ta sake ɓullowa ta wata hanya. Rikoda ta gyaru. Kalilu ne bai gyaru ba har yau.

Ya jawo abokinsa Tamu, manomin albasa daga Aliero wanda ya koyi ganga a gidan kawunsa, suka ƙara da Nuraddeen mai fiyano, suka sa wa kansu suna 'Yan Bakin Gulbi. Dogon kiɗi guda suka tsara, Kalilu ya raɗa masa suna Ambaliya. Burinsa a duniya bai wuce ya kaɗa shi a gaban jama'a daga farko har ƙarshe ba. Ba a taɓa barinsa ba.

A wani biki a Jega mata sun cika fili, rawa ta yi daɗi, sai kiɗi ya canja taku ba sallama. Uwar ango ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ta ce, "Wanga kiɗi na ko neman rigima?" Aka sallame su. A Maiyama mai janareta ne ya kashe injinsa da kansa, ya ce kansa na ciwo. A Kimba ba wanda ya ce musu komai, jama'a dai suka yi ta zamewa, har da mai tsire.

Tamu ya ce a rage tsawo, a riƙa ambaton sunan masu biki kamar yadda kowa ke yi. Kalilu ya ce mai son haka ya koma gidan kawunsa ya yi roƙo. Tamu ya kwashe gangunansa. Nuraddeen ya sayar da fiyano ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Tun daga nan, shekara da shekaru, in Tamu ya kawo albasa ranar kasuwa, sallama kawai suke yi, kowa na kallon wani waje.

Bara Tamu ya faɗo daga mashin da buhunan albasa, ƙafa ta karye, aka kai shi gidan wani mai ɗori a Aliero. Ɗaki ne babba, maza kwance jere a kan tabarmi, kowa da ƙafa ɗaure da karare, ba mai iya tashi. Sai ga Kalilu da lemo a leda, jita a baya, da 'yar sifika mai batir. A wajenmu kuwa wanda ya zo dubiya ba a korarsa.

"Sannu da jiki, Tamu."

"Mi kaz zo yi? Dariya?"

"Dubiya naz zo."

"Da jita aka dubiya? Kalilu, ka ji tsoron Allah, mutanen ga ba su yi ma komi ba."

Mai ɗori ya tafi gona. Kalilu ya zauna a bakin ƙofa, ya jona wayar jita da sifika, ya fara.

Tamu ya juya fuska bango. Wani dattijo Bafillace mai suna Hamma, wanda saniyarsa ta shura, ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya fara kiran a zo a ɗauke shi a kai shi waje. Wani ya jefo takalmi bai samu kowa ba. Kalilu bai ɗago kai ba, har ya wuce inda uwar ango ta tsaya, ya wuce inda janareta ya mutu, ya shiga inda bai taɓa kaiwa a gaban mutane ba. A nan hannunsa ya rikice. Ya koma baya, ya sake rikicewa. Zufa ta keto masa.

"Ba haka na ba, jaki!" in ji Tamu. "Kullum nan kaka ɓata shi!"

Ya jawo kwanon abincinsa ya kife a kan cinya mai lafiya, ya ba da taku. Yana kaɗawa yana zagi, Kalilu na binsa, har suka sauke Ambaliya a inda aka tsara ta ƙare.

Kalilu ya aje jita ya share zufa.

"Ya ƙare?" in ji Hamma.

"Ya ƙare, Baffa."

"Alhamdu lillahi."

Tamu ya ture kwano ya koma kallon bango. "To tashi ka ba mu wuri. Aje lemon nan."

Har yanzu sallama ce kawai tsakaninsu ranar kasuwa. Amma duk wanda ya kai gyara shagon Kalilu sai ya ji labarin yadda aka kaɗa Ambaliya a Aliero tun daga farko har ƙarshe, kuma ko mutum ɗaya bai tashi ba.