Dundumin Gidanmu

Fita daga Limancin Kona

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni a gaba, Baba dafe da kafaɗata. Ganinsa ya daɗe yana tsukewa, yanzu kamar mai leƙe ta kafar makulli yake. Da dundumi abin ya fara, rana na faɗuwa ido ya ɗauke. Haka mahaifiyarsa ta fara, wadda na ci sunanta har yake ce mini Uwata. Makauniya ta rasu.

Yayyena maza biyu suna gida, amma ya ce ni zan kai shi asibitin ido a Kano. Na yi mita, ban fasa ba. Kafin Ƙofar Doka na yi tuntuɓe sau biyu.

"Lafiya, Uwata?"

"Takalmi ne."

Muka ci gaba da tafiya.

Hanyar Kano

A Kwangila muka samu fijo, aka cusa mu huɗu a baya. Sojoji sun tsayar da mu wajen Kwanar Ɗangora, suka leƙa fuskar Baba, suka ce mu wuce. Direba da ya ji inda za mu ya ce, "Dundumi? Gasasshiyar hanta za ki ba shi, 'yan mata."

Na ce, "Hantar da ya ci ta kai ta garke guda. Kalli gabanka."

Mota ta yi dariya.

Asibitin ido

Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likitan, ƙwararre ne kan ciwon can bayan ido, ya ɗiga wa Baba magani, ya haska fitila ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba yana ba ce balle a kankare, gado ne, kuma babu aikin da zai dawo da abin da ya tafi.

"Malam, kai da mai ɗakinka 'yan uwa ne?"

"'Yar baffana ce."

Ya juyo kaina. "Ke fa, yaya ganinki da magariba?"

"Rakiya na zo."

Baba ya ce, "Ɗiga mata, likita. Yau ta yi tuntuɓe sau biyu a inda babu dutse."

Sai a lokacin na gane wanda aka kawo asibiti.

Likita ya ɗiga mini maganin, ya duba ni, ya ce ya ga ɗigo-ɗigon baƙi, kaɗan tukuna. Na ce shekara nawa ta rage mini. Ya ce bai sani ba, wasu sukan daɗe, in riƙa zuwa duk shekara.

Dawowa

Maganin ya sa haske na sukar idona, komai dishi-dishi. Har Zariya fuskata na cikin mayafi. Muka sauka ana kiran magariba, ga babu wuta. A bakin lungunmu ƙafata ta ƙi gaba.

Baba ya zare hannunsa daga kafaɗata, ya ɗora nawa a tasa.

"Kwata, tsallaka. Kin ji injin markaɗe? In ya dawo kunnen hagu, sai ki karya dama."

"Baba, don Allah mu je kawai."

"Za mu je. Amma ki saurara. Nan katanga ta yi ciki, shafa ki ji."

Na shafa. Ƙasar da sauran ɗumin rana.

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi, na kuma gode wa likitan da bai rufe ni ba. Da muka kai zaure Baba ya ce in faɗo masa hanyar tun daga bakin lungu. Na faɗa, na manta kwatar.

Ya ce, "Sake."