Haruffan Ta'aziyyar Mai Taliya

Shekara arba'in da ɗaya Khu Ban-lai ya yi yana jera haruffan dalma na ɗab'i a wata ƙaramar jarida ta birnin Tainan na ƙasar Sinawa, har yatsunsa suka rine. Ya kan ce rubutu murya gare shi. Siririn harafi na labarin yau da kullum ne, mai kauri na gobara da ɓarayi da tallar sabulu. Amma mai kama da rubutun hannu, wanda alƙalamin gashi ya haifa, ba ya fito da shi sai ranar aure ko rasuwa.

A makon da aka kawo sabuwar na'urar tsara rubutu aka zube dalmar a buhuna domin narkarwa, ajali ya riski Tiu mai taliya, amininsa, wanda ya ciyar da ma'aikatan gidan tun suna samari. Siok-hun, 'yar mai jaridar, ta nuna wa Ban-lai sanarwar rasuwar da ta tsara da baƙin harafi mai kauri.

"Kawu, ka ga ko makaho zai hango ta."

"Ke 'yar nan, me Tiu ya sata?"

"Kai Kawu! Na'urar ce ba a sa mata wancan rubutun ba tukuna. Ƙarfe huɗu za mu buga."

"To, ki ba ni zuwa uku. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba, ba za a yi masa ihu ranar tafiyarsa ba."

Ya kwance buhuna, ya baje su a ƙasa, ya durƙusa da tabarau biyu a hanci. Haruffa dubbai sun cakuɗe, shi kuwa talatin da shida yake nema. Shayinsa ya huce. Hakika haƙuri ibada ne a kowace sana'a. Saura kaɗan uku ta buga ya tsinci na ƙarshe, ya jera, ya buga a takarda, Siok-hun ta manna a shafi.

Matar Tiu ba ta iya karatu ba. Ta daɗe tana duban jaridar, sannan ta ce, "Wannan rubutun ya sunkuyar da kai." Ta yanke shi ta ajiye gefen hoton mijinta.

An narkar da sauran dalmar. Haruffa uku na sunan Tiu kuwa suna aljihun Ban-lai har ƙarshen rayuwarsa.