Naushin Makau Guda Ɗaya

Makau mahauci ne a kasuwar Gummi. Kafin babur ya kayar da shi a hanyar Bukkuyum ya yi shekara goma sha ɗaya yana dambe, kuma daga Gummi har Anka an san naushin damansa. Gwiwar hagu ce ta tafi a faɗuwar. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙafar ta koma kai shi rumfa da masallaci, fage kuwa sai kallo.

Bayan shekara biyu Sufyanu, mai shagon cajin waya a gefen rumfar Makau, ya sayo talabijin da na'urar gem ya haɗa su da sola. Makau ya fara leƙawa bayan la'asar idan nama ya ƙare. Gem ɗin ƙwallo bai dame shi ba. Na faɗa ya so, wanda ake dukan abokin karawa har ya faɗo daga kan dandamali. Ya zaɓi wani ƙato mai jan wando, ya gano maɓallin da ke sa shi kai naushi da dama, ya tsaya nan. Sauran 'yan shagon garaje suke yi, suna kawo kansu, naushi uku sun faɗo. Wata uku ba wanda ya tashe shi daga benci.

Sai Hafizu ya fara zuwa, malamin asibiti da aka yi wa canjin aiki daga Anka, siriri, ba ya magana in yana bugawa. A karawarsu ta farko Makau ya same shi da naushin, mutumin da Hafizu ya zaɓa a gem ɗin ya yi sama kamar zai fice daga talabijin, amma ya dawo. Na biyu ya tura shi nesa. Zuwa na shida, ƙaton na duka, abokin karawa na ja da baya taku biyu kawai. Hafizu ya bari ya matso, ya ɗaga shi ya jefar.

"Sufyanu, abin dannawar ga ya lalace," in ji Makau.

Aka musanya masa da na Hafizu. Aka sake, abin bai canza ba.

"Ba shi ba ne, Makau," Hafizu ya ce. "Gem ɗin na riƙe da dukan da ka kai na baya-bayan nan. Duk wanda ka maimaita, ƙarfinsa raguwa yake, turin da yake yi ma haka. Sai ka sa wasu dukan a tsakani sannan ya dawo daidai."

"Wa ya ce a rage?"

"Waɗanda suka ƙera shi. Don kada mutum ya zauna kan abu guda."

"Sun taɓa shiga fage? Ni naushina na goma ya hi na farko, don mutum ya riga ya yi laushi. Wanga zalunci ne."

Hafizu ya yi murmushi, wanda ya fi ba Makau haushi a kan kayen.

Da Sufyanu ya ce zai haɗa gasa bayan babbar Sallah, mutum goma sha shida, Makau ya haɗiye girman kai ya ce Hafizu ya koya masa. Mako biyu suna yi. Ya koyi shuri, ya koyi kamawa da jifa, duk da yatsunsa masu kauri ne, yakan danna maɓalli biyu a tare. Matarsa Zinatu ta ga yana cin tuwon rana yana motsa babban yatsa a gefen kwano.

"Maigida, mi ya samu hannunka?"

"Karatu nake."

Ranar gasar ya kori mutum biyu, a zagaye na uku ya haɗu da Hafizu. Ya fara yadda aka koya masa, shuri, jifa, sannan naushi, har ya kai mutumin Hafizu bakin dandamali. Shagon ya cika har waje. Wani tsohon abokin dambensa da ke ƙofa ya fara yi masa kirarinsa na da, 'yan kallo suka ɗauka. Makau bai san lokacin da yatsan ya koma gidansa na asali ba. Ya danna, ya danna, sau bakwai Sufyanu ya ƙirga. Na ƙarshen ya samu Hafizu sosai, a wurin da sabon naushi zai gama da shi. Mutumin ya ɗan yi sama, ya kama bakin dandamali, ya hau. Minti bai cika ba ƙaton mai jan wando ya faɗo.

Makau ya ajiye abin dannawar a hankali ya fita yana ɗingishi, bai yi wa kowa sallama ba. Kwana huɗu bai leƙa shagon ba, masu sayen nama ma sun ɗanɗana fushinsa.

A rana ta biyar ya zo da guntun filasta ya ce Sufyanu ya manna a kan maɓallin naushin, don yatsa ya ji ya tuna. Har yanzu yana zuwa bayan la'asar, har yanzu yana cewa masu ƙera gem ba su san duka ba. Ya ci Hafizu sau biyu a wata biyar. Filastar kuwa sau uku ana sakewa, tana cinyewa ta tsakiya.