Shukar da ba ta son rana

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Sabuwa, muka kama haya a Ƙanƙara, ban yi noma ba. Damina ta zo ta wuce, fartanyata na rataye a bango. Zaman ne ya ishe ni, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Malaminmu yana da wata shuka cikin tukunyar roba a kan teburinsa. Ganyenta faffaɗa ne, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Ya ce sunanta filodendiron. Ba a ci, ba a sa ta a miya. Da zai tafi kwas Katsina na 'yan watanni, sai ya miƙo mini ita.

"Baba, kai ne manomi a ajin nan. Ga amana."

Tun barowata gida ba wanda ya ƙara kira na manomi. Na rungume ta har gida, ina jin ba zan yarda in ba shi kunya ba.

Mu a wurinmu, shuka a inuwa asara ce. Geron da ya fito a gindin ɗorawa ba ya yin kan kirki. Don haka na kafa ta a tsakar gida inda rana ta fi dukawa, na zuba mata takin awaki, ina ba ta ruwa safe da yamma. Ba a jima ba ganyen sama ya ƙone, na ƙasa ya koma rawaya.

"Maigida, gonar tukunya ɗaya ma ta gagare ka?" in ji matata. "Ashe bana ba sai mun gina rumbu ba."

"Ke dai tsare mini ita daga akuyar maƙwabta."

"Akuyar ma ta sansana ta wuce abinta."

Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba. Bayan la'asar na zauna ina kallonta, sai na lura da 'yan saiwoyi da suka tsiro a jikin karanta, suna lalube a iska. Na taɓa ganin irinsu. A kurmin bayan gonata, bakin rafi, akwai tsirrai masu hawa jikin manyan itatuwa, waɗanda rana ba ta taɓa su sai ta ratso ganye. Ashe 'yar kurmi ce nake yi wa renon gero.

Na mayar da ita ɗaki kusa da taga, inda haske ke shiga ba zafi. Na kwashe takin, na haɗa mata yashi da ruɓaɓɓen ganye, na yanke abin da ya ƙone, na kafa mata sanda. Ruwa kuwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe. Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙyale ta, don hannun manomi bai saba zama ba.

An daɗe shiru. Sannan sabon ganye ya leƙo a naɗe kamar tabarma, ya buɗe a hankali.

Da Malam ya dawo na kai masa abarsa, ganyenta bai kai na da ba, na kuma gaya masa yadda aka yi. Ya dubi sandar da ta fara kamawa, ya yanko reshe ɗaya daga ƙasan gaɓa.

"Sa shi a ruwa, Baba, zai yi saiwa. Wannan naka ne."

Reshen yana ɗakina yanzu, ya kusa kai saman taga. Matata har yau gona take ce masa, kuma in na tafi aji ita ke goge masa ganye.