Takardar Fushin Malam Idi

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Idi ya kai wa darakta zagi, daraktan ya sa hannu ba. Lokacin ina mai kula da sito a ofishin wani aikin noman rani a Madarumfa, shi kuma sakatarenmu ne, saura shekara guda ya yi ritaya.

Bayan wata damina da ta jigata mu, aka turo mana Madam Rabi daga Maraɗi, mai ba ma'aikata shawara kan damuwa, za ta yi zama uku da mu. Ta raba takardu ta ce kowa ya rubuta abin da ke cin ransa, kamar yana gaya wa mai laifin, sannan ya yage. Ba wanda zai karanta.

Ni layi biyu na yi na gaji. Malam Idi kuwa, da ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya cika shafi uku. Ya ce wa darakta mai girman kai, mai sa hannu ba karatu, wanda bakinsa bai san "sannu da aiki" ba.

Amma sabo turken wawa. A ofis, duk takardar da ta fita daga hannun sakatare sai an sa mata kwanan wata da lamba, a buga hatimi, a jefa cikin jakar da ake kai wa darakta. Hannun Malam Idi ya yi aikinsa bai shawarce shi ba.

Washegari na same shi yana zufa. Ya ce, "Hadiza, na kashe kaina! Takardar nan ta tahi ciki. Korata za a yi." Wallahi na tausaya masa, amma dariya ta kusa shaƙe ni.

Can jakar ta dawo. Malam Idi ya buɗe. A ƙasan shafi na uku darakta ya sa hannu, har da rubuta, "Na amince."

A zaman ƙarshe Madam Rabi ta tambayi Malam Idi ko ya yage tasa. Ya ce, "Haba Madam, takarda mai sa hannun darakta? Tana cikin fayil."

Ranar Litinin darakta ya zo wucewa, ya tsaya a teburinsa ya ce, "Malam Idi, sannu da aiki." Tsohon sai share ido yake da hannun riga.

Har yau muna gardama ko darakta ya karanta takardar. Abin da na koya dai shi ne, ma'aikacin da ya fi kowa shiru, ba shi alƙalami ka ga shafi nawa yake ɗauke da su.